Musayar waƙa: dokin Sadi a bangon shago

Sadi Tela, Tudun Wadan Zariya:
Salamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da shan ruwa. Kun san dai ni ɗinki ne sana'ata, to maƙwabcina ya yi wa gidansa fentin sallah sai ragowa ta rage a gindin galan, na ce kar a zubar a ba ni, da daddare bayan tarawi in an ɗauke wuta keke ya tsaya sai in ɗau fitila in fita in ɗan taɓa bangon shago. Ga hoton nan na saka. Amsa-amo "wa" ne, duk mai shiga ya riƙe shi.

Da sunan Allah nake farawa,
Bangon shagona na yi wa ƙawa,
Ja da kore da ruwan ɗorawa,
Hawan sallah nake zanawa.

Ga ɗan lifida yana wucewa,
Dogari da bulala yana korawa,
Ga mai kakaki yana busawa,
Ga laimar sarki tana juyawa.

Yaran unguwa suna ta sowa,
Masu babur har da tsayawa,
Ban je Samaru don koyowa,
Hannu ne kawai da sha'awa.

Abba Fagge, Kano:
Hhhh wayyo cikina. Bazazzage abokin wasa wallahi ka yi ƙoƙari, amma azumi ake ba a ƙarya, bari in faɗa maka gaskiya.

Sannu da aiki Bazazzage,
Na ja hoton ina dubawa.
Kunnen dokin ya kai kamu guda,
Jaki ne kake ɓoyewa.
Ka shigo Kano ran hawan daushe,
Ka ga dawakin da ake zanawa.
Washegarin idi da la'asar,
Sarki ya je Babban Ɗaki gaisuwa.
Sannan ya juyo Ƙofar Kudu,
Hakimai su yi jahi suna wucewa.
'Yan bindiga su saki albarushi,
Ƙasa da kanta tana girgizawa.

Ko UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi da al'adu, da ta tashi saka hawan sallah a kundinta na al'adun duniya a 2024 na Kano ta rubuta, kai ma ka sani.

Anti Rabi 'yar Funtuwa, Sabon Gari:
Ikon Allah. Wato Sadi abin da kake yi ke nan da dare, ni kuma in na kira ka ce mini aiki ya yi maka yawa ko barci ba ka yi. To ai ga aikin nan na gani a bango.

Sadi ƙanena ajiye burushi,
Atamfata kake mantawa.
Tun Sha'aban na kawo maka ita,
Har yau ba ka fara yankawa.
Doki ya samu ado a bango,
Ni da me zan fita gaisuwa?

Kuma ka zana maza zalla,
Ina matan da ke girkawa?
Mu muke kwana kan tuwon sallah,
Ga cincin ana soyawa.
Ka zana ƙwarya a kife a ruwa,
Da 'yan sanduna ana kaɗawa.
Allah jiƙan Barmani Choge,
Uwar amada ta Funtuwa.

Tun da ta rasu a 2013 ban ƙara zuwa bikin da na yi rawa har ɗankwalina ya faɗi ba. Ku kuna can kuna kallon doki, mu sallarmu a tsakar gida take.

Sadi Tela:
Anti tuba nake, atamfarki na saman layi. Abba kai kuma tsaya nan.

Abba Bakano sarkin baki,
Ciniki kuka iya, ban da ginawa.
Babban Gwani ɗan Zazzau ne,
Muhammadu Durugu mai tsarawa.
Zamanin Sarki Abdulkarimu,
Masallacin Juma'a ya yi ɗorawa.
Shiga birni ka ɗaga kai sama,
Fuskar soraye kake karantawa.
Ga dagi ga takobi ga keke,
A jikin laka aka fitarwa.
Garin da bango ke magana,
Ba a koya masa zanawa.

Kuma dokin nan kunnensa a tsaye yake don ya ji ƙarar bindiga ne, duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da doki ran hawan bariki ya san haka suke yi.

Baba Ummaru na Isa:
Assalamu alaikum ɗiyana. Na daɗe ina karatun ku ina dariya ni ɗai, jikana shi ka rubuta min. Wanga gardama ta doki da kuka yi, ai mu nan Gobir an gama ta tun ba a haihe ku ba. Ibrahim Narambaɗa makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu ya yi wa doki waƙa, Dokin Iska Ɗan Hilinge, ku biɗe ta ku jiya.

Ɗiyana ku dakata in hwaɗi,
Zanen doki ya daɗe da samuwa.
Narambaɗa bai riƙa burushi ba,
Da halshe nai yay yi zanawa.
Rufe ido ka saurari kotso,
Ƙura kaka gani tana tasowa.
'Yan amshi su karɓa su ɗauka,
Kahwahun doki na sukuwa.
Bangon Sadi ya yi kyau amma,
Kurma ne, ba shi amsawa.
Sallar da ba kiɗa a cikinta,
Rabin ta ne anka yi bukin kowa.

In kun gama da shi ku koma ga Musa Ɗanƙwairo na Maradun, shi ma kotso ne, ya rasu 1991 amma har yau in an sa shi gidan rediyo ran sallah sai ka ga tsoho ya gyara zama.

Ummi mai lalle, Tudun Jukun:
Ina wuni Baba, ina wuni Anti. Ni dai a yi mini afuwa zan tare wa 'yan zamani, don kullum in aka zo maganar waƙa sai a yi kamar mu ba mu da kunne.

Baba a gafarce mu da kotso,
Mu kam kiɗan fiyano muke so,
Ran sallah in mun sha kitso,
Hannu ya yi ja, kowa ya matso,
Waƙar Breaker a sifika ta taso,
Ali Jita na biye ya iso,
Ko Anti Rabi sai ta taso.

Baba Ummaru na Isa:
Jikata waƙa ta yi daɗi, amma "wa" munka ce ke kin kama "so", kuma kin maimaita taso har sau biyu. Tarar ki goro.

Fiyano in wuta ta ɗauke,
Buki ya tashi sai watsewa.
Kotso hwata ce da itace,
Bai san janareto ba balle kunnawa.

Ummi mai lalle:
Hhh Baba ai yanzu sifikar caji ake yi, kwana take tana yi. Goron dai zan kawo.

Mahamadu, Damagaram:
Salamu alaikum daga Zinder, muna gaida mutanen Najeriya. Ni ina bayan Sadi ɗari bisa ɗari. Duk wanda ya zaga unguwar Birni wajen fadar Sarkin Damagaram ya ga gidajen da aka yi wa zane a fuska, waɗanda suka yi su magina ne da suka gada wajen iyaye, laka na ɗanye suke fitar da zanen sannan a bi da farar ƙasa da launi, kuma gab da sallah ne masu gida ke sabunta shi. To tela ya ɗau fenti ya yi wa unguwarsu kwalliya ai bai yi baƙon abu ba. Baba ya ce bango kurma ne, gaskiya ne, amma kiɗa ana gamawa makaɗi ya rataya gangarsa ya tafi gida, bango kuwa yana nan har damina ta wanke shi. Ga tahamisi na yi wa baitocinka biyu ɗan uwa Sadi, wato layi uku nawa a kan layi biyu naka.

Maginan Birni masu ƙawatawa,
Da yatsa suke dagi suna murɗawa,
Wane mushen lakwal (malamin makaranta) ya yi koyarwa?
Ban je Samaru don koyowa,
Hannu ne kawai da sha'awa.

Ƙofar fada daga idi ana dawowa,
Algaita na kuka tambari na amsawa,
Mata da guɗa suna rangaɗawa,
Ga mai kakaki yana busawa,
Ga laimar sarki tana juyawa.

Abba Fagge:
To fa, Zazzau da Damagaram sun haɗe mini kai. Malam Mahamadu tahamisin nan ya zauna, na sara. Amma ba wanda ya tambayi mai zanen shi kiɗan wa yake ji.

Sadi Tela:
Na gode Malam Mahamadu, wallahi ka ɗaga baitin ya fi yadda na yi shi. Abba ni masoyin Mamman Shata ne ba ɓoye-ɓoye, tun ina yaron shago maigidana kaset ɗinsa ke tashi daga safe har dare, shekarar da ya rasu 1999 ranar ko zare ba mu saka a allura ba. In na gaji da kalangu sai in sa Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya. Don haka Baba bangon nan ya sha kiɗa kafin ya bushe.

Kalangun Shata na cikin kunne,
Burushi shi yake bin rawa.
Inda ya matse na ja siririn layi,
Inda ya saki na yi shafawa.
Anti rabin bangon na nan fari,
Matan amada zan sakawa.
Sai dai yatsu suna ba ni wuya,
Ummi ko za ki zo taimakawa?

Ummi mai lalle:
Zan zo Yaya Sadi amma sai bayan jajibere, yanzu layin masu lalle har waje. Kuma da sharaɗi, a gefen masu ƙwarya sai an bar mini wuri na zana yarinya ɗaya riƙe da sifika. Ka nemo baƙin fenti da ƙaramin burushi, wancan naka na shafe gida ne ba zai fitar da fulawa ba.

Anti Rabi:
Ku yi ta shirinku, ni ba na hana,
Ƙwarya huɗu za ku zanawa.
Babba a tsakiya cikin ruwa,
Kar ku mai da ita tukunyar dawa.
Amma Sadi kafin ka taɓa bango,
Gobe da hantsi ina tahowa.
Riga da zani da ɗankwali,
A kan bencinka zan zauna ana ɗinkawa.