Nafkin na wanki ko famfas, wanne ya fi sauƙi a aljihu?

Ummu_Sadiq:

Assalamu alaikum iyaye mata, har da maza in akwai wanda ya san kan abin. Dan Allah shawara nake nema. Cikina ya shiga wata bakwai, ga Sadiq shekara biyu da wata uku har yanzu bai gama rabuwa da famfas ba, da rana yana hawa fo amma da daddare dole sai na saka masa in ba haka ba katifa ce za ta sha. Jiya na zauna ina lissafin abin da famfas ya ci mana tun daga haihuwarsa, wallahi sai da na ajiye biron, abu ne ka saya da kuɗinka ka ɗaura ma yaro ya yi awa uku ka kwance ka kai bola, gobe ma haka jibi ma haka. Yanzu kuma za su zama su biyu a lokaci ɗaya.

Shi ne nake tunanin komawa nafkin na wanki, ko na da mai kusurwa huɗu da ake ninkewa ko irin na zamanin nan masu maɓalli. Waɗanda suka yi amfani da shi ku faɗa min gaskiya tsakani da Allah, da gaske ana samun sauƙi ko kuɗin omo da ruwa ne zai cinye ribar? Guda nawa zan saya? Kuma ya maganar wari da ƙurajen gindi? Ba ni da mai aiki, ni kaɗai ce.

Hajiya_Kaka:

Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya raba lafiya. Ni 'ya'ya shida na raina da nafkin, farin nan mai kamar tawul, ki ninke shi kusurwa uku ki ɗaura ki soka fil ki ɗora wandon roba a sama shi kenan. Dozin biyu na saya a haihuwar fari kuma su ne suka kai ni har na uku kafin su fara sirancewa suna yagewa, da suka tsufa ma tsumman goge-goge suka koma ba a yar ba. To kin ga maganar sauƙi ba ta da gardama.

Amma ba zan ɓoye miki ba, aiki ne. Kullum da safe sai na yi wanki, ba fashi, ko kina da lafiya ko ba ki da ita bokitin nan yana jiranki. Yadda nake yi, da na cire in na kashi ne nan take zan kai banɗaki in ɗauraye kada ya bushe a jiki, don in ya bushe kin shiga uku da cuɗa. Kashin jaririn da nono kaɗai yake sha ba wuya gare shi ba, ruwa ma yana tafiya da shi, sai dai ya bar ɗan rawaya-rawaya, wannan kuma ki bar wa rana, ki shanya shi da danshinsa a inda rana take duka sosai za ki dawo ki tarar ya yi fes kamar ba shi ba. Daga wata shida da aka fara ba shi abinci, to nan ne labari yake canzawa, sai an kankare an zubar a masai kafin a kai ga ruwan wanki.

Abu ɗaya da zan ja kunnenki a kai tunda kina da ɗan shekara biyu a gida, kada ki bar bokitin jiƙo da ruwa a buɗe a ƙasa. Yaro mai wannan shekarun nauyin kansa yana rinjayarsa, in ya leƙa ya faɗa da ka ba ya iya fitowa, ruwa kaɗan ya isa. Ki samu mai murfi ki ɗora a sama, ko ma ki daina jiƙon ki riƙa tarawa a bushe bayan kin ɗauraye.

Maman_'yan_biyu:

Hmm 'yar uwa bari in ba ki nawa labarin don kada ki ji gefe ɗaya. Ni na zamanin na saya, masu maɓalli da aljihu a ciki da ake cusa ƙyallen da yake shan fitsarin, masu kyau gwanin sha'awa kala-kala, ana cewa size ɗaya ne daga haihuwa har yaye. To farko dai wannan maganar da gyara, jariri sabon haihuwa cinyoyinsa sirara ne, ko kin ɗalle maɓallin har na ƙarshe sai ya bar ƙofa ta gefe, nawa sai da suka yi kusan wata biyu kafin ya zauna musu daidai, kafin nan famfas ɗin dai na koma.

Kuskuren da na tafka kuwa, ina zuba ruwan ƙamshin nan mai laushin kaya a ɗauraya, ga kuma man da nake lafta musu a gindi mai kauri. Bayan kamar sati uku sai na ga nafkin ya daina shan fitsari kwata-kwata, wata rana ina riƙe da Hassana a cinya muna da baƙi sai kawai na ji ɗumi yana bin zanina, na buɗe na ga ƙyallen ciki a bushe ƙamas fitsarin ya bi ta kansa ya gangare kamar an zuba ruwa a leda. Ashe shi ruwan ƙamshin da man su ne suke like zaren su hana shi tsotsa. Sai da na yi ta wanke su da ruwan zafi ina ɗaurayewa har sau nawa kafin suka dawo hayyacinsu.

Sai damina ta zo. Wayyo. Ƙyallen cikin mai kauri ne, wani sai ya kwana biyu a igiya bai bushe ba, ɗaki ya cika da shanya har kan ƙofa da bayan kujera, ga yara biyu kowa yana ɓatawa, ranar da na ƙirga na ga saura uku busassu kuma dare bai yi ba na zauna na yi kuka na gaske. A nan ne na gane nafkin na da irin wanda Hajiya take faɗa ya fi su wani wajen, don shi falle ɗaya ne in kin baza shi awa kaɗan ya bushe.

Ban daina gaba ɗaya ba fa. Abin da na koma yi, nafkin da rana in muna gida, famfas da dare da kuma in za mu fita unguwa ko asibiti, don ba zan iya yawo da kashi a jaka ba gaskiya. Ko a hakan abin da muke saye ya ragu da fiye da rabi.

Abban_Nana:

Ku yi haƙuri na shigo zancen mata, amma tunda mu ne muke sayowa bari in taimaka da lissafi. Maman Sadiq ɗauki biro ki sake gwadawa haka. Wata uku na farko ki sa guda 10 a rana, 900 kenan. Wata tara da suka rage a shekarar farko ki sa 7 a rana, 1,890. Daga shekara ɗaya zuwa biyu da rabi ki sa 5 a rana, 2,700. In kin haɗa ya kama 5,490, wani yaron ya fi haka wani bai kai ba. Sai ki ninka da kuɗin famfas guda ɗaya a inda kike.

A ɗaya gefen kuma nafkin 24 da wandon roba biyar ko shida sun isa mai wanki duk bayan kwana biyu, in kullum za ki yi ma 15 zuwa 18 za su riƙe ki. Sai ki ɗora omo da ruwa da abin da za ki dafa ruwan da shi, in da injin wanki ne ki sa wuta. Yawanci in kin yi lissafin nafkin ne a ƙasa, bare a ce yaro na biyu ya gaje su. Matsalarsa ɗaya kuɗin a dunƙule ake fitar da shi tashi guda, shi kuwa famfas kaɗan-kaɗan yake tsotsar mutum shi ya sa ba a jin zafinsa sai an waiwaya. In kuma a wajenku sayen ruwa ake yi to ki yi wannan lissafin da kyau kafin ki yanke, don nafkin ɗauraya yake ci ba kaɗan ba.

Masu cewa nafkin ya fi alheri ga muhalli, eh ta fuskar bola haka ne, amma hukumar kula da muhalli ta Ingila ta yi nazari a 2008 ta samu kusan kunnen doki ne wajen hayaƙin da ke ɗumama duniya, kilo 550 na hayaƙin ga famfas, 570 ga nafkin a shekara biyu da rabi, sai in ana shanyawa a igiya maimakon injin busarwa, ana cika injin wanki kafin a kunna, kuma ƙani ya gada, a nan ne na nafkin yake sauka da kusan kashi 40 cikin 100.

Maman_'yan_biyu:

Abban Nana lissafinka ya yi kyau amma akwai layin da ka tsallake, nawa ka rubuta ma bayan mai wankin? Ko kai ne kake wankewa a gidanku?

Abban_Nana:

Hhh an kama ni. Gaskiya shanya da kwashewa kawai nake yi, sai ɗibar ruwa. Amma na yarda, wannan layin ya fi sauran tsada.

Anti_Nas:

Bari in taɓa maganar ƙuraje tunda ita ce ba a amsa sosai ba. Abin da yake kawo su ba wai nafkin ko famfas ba ne shi kansa, daɗewar fata cikin danshi ne, musamman in fitsari ya haɗu da kashi, sai gogayya ta ƙara. Famfas yana da wani gari a cikinsa da yake shanye ruwa ya koma kamar jeli shi ya sa saman yake zama a bushe, auduga kuwa tana riƙe danshin a jikin fata, don haka mai nafkin dole ta riƙa dubawa duk awa biyu zuwa uku, na kashi kuma nan take. In kika kiyaye wannan ba wani bambanci. Na ga yaran famfas da gindinsu ya saɓule saboda uwar tana jan guda ɗaya tun safe har la'asar don tattali, wannan ma ya fi yawa a abin da nake gani.

Wajen wanki, ki fara ɗaurayewa da ruwan sanyi don zafi yana kama tabon kashi, sannan ki wanke da ruwa mai zafi da omo isasshe, mai inji ta sa zafin ruwan a digiri 60, sai ki ɗauraye har kumfa ya ƙare tas. In kika ji nafkin yana wani wari mai hawa ido da zarar yaro ya yi fitsari, to bai wanku ba ne, fitsari ya taru a cikin zaren, kuma wannan yana ƙona fata. Kada tarin ya wuce kwana biyu ko uku ba a wanke ba, zai yi fumfuna. Wandon roba da masu maɓalli kada a tafasa su kuma kada a bar su suna gasuwa a rana, robar tana tsattsagewa lastik ɗin ya saki. Sannan ƙyallen ciki irin mai kama da tawul ɗin goge mota, wanda ake kira maikirofaiba, ba a ɗora shi kai tsaye a fatar yaro don yana busar da ita, cikin aljihun ake sa shi ko a shimfiɗa auduga a kai.

Ki riƙa barinsa ya sha iska ba komai a jikinsa na ɗan lokaci kullum. In kuma ƙurajen suka yi ja sosai har cikin matsematsi da ƙananan ɗigo-ɗigo a gefe, ko suka wuce kwana uku ba sauƙi, ko da zazzaɓi, ki kai shi a duba kada ki tsaya shafe-shafe.

Shawarata ta ƙarshe, satin farko zuwa na shida bayan haihuwa kada ki ɗora wa kanki wannan wankin in ba mai taya ki, balle in aiki aka yi miki. Jikinki yana buƙatar hutu, nafkin ba gudu zai yi ba.

Ummu_Sadiq:

Kai na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri ya raya mana zuri'a. Hajiya wallahi maganar bokitin nan ta tsorata ni don Sadiq ba abin da ba ya leƙawa, yau ma na tsamo takalminsa a cikin robar wanke-wanke. Na yanke zan fara da na da ɗin guda 12 da wandon roba uku, masu maɓalli kuma biyu kawai in gwada in ga kamun ludayinsu kafin in zuba kuɗi, wata biyun farko da dare da fita kuma famfas kamar yadda Maman 'yan biyu take yi. Na tura ma Abban Sadiq lissafin Abban Nana ya ji daɗi sosai har yana cewa ai tuntuni ya kamata, sai na tura masa tambayar da ta biyo baya, har yanzu dai bai ba da amsa ba.

Hajiya dan Allah fil ɗin nan ba ya soke yaro? Hannuna rawa yake in na tuna.

Hajiya_Kaka:

Ki sa yatsunki biyu tsakanin nafkin da cikinsa sannan ki soka a kwance, bakin fil ɗin yana kallon gefe, in ma za a soku ke ce za ki soku. In ya dushe yana ƙin shiga ki caka shi a sabulu. Yanzu ma jikokina wani ɗan roba mai ƙugiya uku ake kama musu da shi, ba fil ko ɗaya, ki tambaya wajen masu kayan jarirai.