Wai gaisuwa ma sadarwa ce ko hayaniya? Ka'idojin nan sun rikita ni

Ɗan_Samaru:
Salam jama'a. Jibi muna da tes a kan ka'idojin sadarwa kuma wlh kaina ya ɗau zafi. Na haddace tsarin sadarwa na Shannon da Weaver, mai aikawa, saƙo, kafa, mai karɓa, sai hayaniyar da ke ɓata saƙon a hanya, na haddace tambayoyin Lasswell na 1948 su ma, wa ya faɗa, me ya faɗa, ta wace kafa, ga wa, da wane tasiri. To ɗazu na shiga birnin Zariya gaida kakata can wajen Ƙofar Doka, mun fi minti biyar ina kwana ina gajiya ya sanyi ya mutan makaranta, komai lafiya lau take cewa alhali ƙafarta ta kumbura ko tashi ba ta iya yi. Wane saƙo aka aika a nan don Allah?

Anti_Kongo:
Ƙanena ai ka ɗora wa Shannon kayan da ba nasa ba. Injiniya ne a kamfanin tarho na Bell a Amurka, damuwarsa yadda sigina zai bi waya ya isa bai lalace ba, shi da kansa ya ce ma'anar magana ba ta shafi lissafinsa ba. Wanda ya amsa tambayarka James Carey ne a 1975, ya ce akwai kallon sadarwa a matsayin kai saƙo kamar ɗan aike, akwai kuma kallonta a matsayin al'adar da ke riƙe jama'a wuri ɗaya. Kakarka ba labarin lafiyarta take ba ka ba, tabbatar maka take yi har yanzu kai jikanta ne. Gwada ka shiga ba gaisuwa ka ce Hajiya ya ƙafar, ka ga irin kallon da za ka sha.

Mai_Keke_PZ:
Ni ban yi wannan karatun ba amma tsarin da ƙanwata ta ba ni labari ya zauna min, wai na mataki biyu, Lazarsfeld da abokansa da suka bi zaɓen Amurka na 1940 suka ga mutane ba kai tsaye suke ɗaukar maganar rediyo ba sai ta bi ta bakin wani da suka yarda da shi. Wannan kam kullum ina gani a teburin mai shayi a Tudun Wada, kowa ya ji labaran safe da kunnensa amma sai an jira wani dattijo tsohon ma'aikacin reluwe ya kurɓi shayi ya ce ga abin da ake nufi, shi ke nan an samu matsaya.

Sarkin_Musu:
Anti ban yarda duka ba fa. Lafiya lau ɗin ma saƙo ne, jikan ya ga kumburin ya ji muryar ya gane ba lafiya ba, ita ma ta ga fuskarsa ta canza. Abin da Schramm ya ƙara kenan a 1954, kowa mai aikawa ne mai karɓa ne, kuma sai kun taso a duniya ɗaya za ku fahimci juna. Baƙo da ya ji lafiya lau tafiyarsa zai yi.

Ɗan_Samaru:
Na gode kwarai. Carey ɗin babu shi a takardun da aka ba mu amma zan sa shi, ko a ci min maki. Kaka dai gobe asibiti za mu kai ta, har yanzu cewa take ba komai.