Da tsohuwar zuma ake magani: har a aure?

Uwar Biyu: Jama'a a warware mana wata gardama ni da 'yata. Daren jiya ina kallon Dynasty a waya, tsohon shirin nan na Amurka da aka yi daga 1981 zuwa 1989, sai ta leƙo. Ta ga hoton dishi-dishi, ga kafaɗun rigunan matan kamar an cusa musu katako, ta ce me nake gani a wannan abu. Na ce da tsohuwar zuma ake magani. Ba ta ce komai ba, ta ɗauki wayarta. Can sai ga ta da labari: wai Joan Collins, wadda ta fito a Alexis, ta auri Percy Gibson a 2002 tana da shekara 68, ta girme shi da sama da shekara 30. Ta ce, "To Mama, ashe shi ma maganin ya je nema." Dariya ta hana ni ba ta amsa. Karin maganar tana shiga nan kuwa?

Malam Na-Baya: Hajiya, a kan shirin kin yi daidai, a kan auren 'yarki ta karkatar da ita. Tsohuwar zuma abin da aka daɗe da shi ne, aka jarraba aka ga amfaninsa: tsohon aboki, tsohon ma'aikaci, tsohuwar dabara. Ana faɗinta ne idan sabo ya gaza aka koma wa na da. Wanda ya auri wadda ta girme shi ai ba komawa ya yi ba, yau ya same ta. A wurinsa sabuwa ce fil.

Ɗan Auta: Allah gafarta Malam, ni dai na sha jin ana yi wa dattijon ango kirari da ita, kuma ban taɓa ganin wanda ya tashi ya gyara ba.

Malam Na-Baya: Wannan zolaya ce ta abokai. Zolaya ba ta zama ma'ana.

Gimbiya: Ɗan Auta ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Dick Van Dyke, mai shirin barkwancin nan na baƙi da fari na 1961 zuwa 1966, ya auri Arlene Silver a 2012 yana da 86, ita tana da 40. Shekara 46 ke nan tsakani. Ku ba mutane labarinsa ku ji, sai murmushi da "tsoho mai ran ƙarfe". Ku ba su na Joan Collins kuma, nan take za a jawo "ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi ta fashe". Tazarar tata ma ba ta kai tasa ba. Wato in namiji ne babba zuma ce, in mace ce sai a tuna da akushi. Ba karin maganar ce ke zaɓe ba, bakinmu ne.

Malam Na-Baya: Ƙwarya da akushi ma asali ba maganar shekaru ba ce, 'yata. Maganar ƙarfi ce da matsayi, kada mai rauni ya haɗa tafiya da wanda zai murƙushe shi. In haka ne sai a tambaya, a gidan Collins wane ne ƙwaryar? Mai suna da dukiya dai ita ce.

Gimbiya: To ai kuwa ba ta fashe ba, Baba. Aurenta na biyar ne, kuma shi ya fi duk sauran daɗewa.

Mai Eriya: Ni wani gefe nake hange. Mu da muka tashi muna juya eriya ana yi mana ihu daga ɗaki "ya yi! ya yi! a'a ya tafi!", waɗannan mutane ba sa tsufa a idonmu. Alexis ɗin da na sani tana nan yadda na bar ta, da jan baki da harara. Shi ya sa in na ji auren irinsu ba na jin tazarar, da hoton allo nake yin lissafi. Yaran yanzu kuwa lambobi kawai suke gani, 68 da 36, sai su ce kai. Gardamar Hajiya da 'yarta ke nan: ita Alexis take gani, yarinyar tsohuwa take gani.

Ɗan Auta: Yaya Mai Eriya, kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Ku dai ku amsa cewa ba shirin kuke kewa ba, ƙuruciyarku ce. Na gwada kallon kashi ɗaya, mutum biyu suka yi minti guda suna kallon juna kiɗa na tashi.

Mai Eriya: A cikin minti gudan nan muke numfashi. Sati guda fa muke jira kafin kashi na gaba, ba mai tura shi gaba da yatsa.

Uwar Biyu: Ɗan Auta ka yi min rashin kunya amma akwai ƙamshin gaskiya. Malam, ga tambaya. Dilip Kumar, jarumin fina-finan Indiya, ya auri Saira Banu a 1966, yana da 43 tana da 22, suna tare har ya rasu a 2021. Ita ta yi jinyarsa shekarun ƙarshe. Nan fa?

Malam Na-Baya: Nan kam na yarda ta shiga, amma ba a 1966 ba. Ranar ɗaurin auren ba wanda ya isa ya kira shi tsohuwar zuma, don ba a san abin da zai zama ba. Bayan shekara 50 da ɗoriya ne auren kansa ya tsufa, ba angon kaɗai ba. Kuma in kin lura, wadda ta yi maganin a ƙarshe ita ce ƙaramar.

Gimbiya: Ke nan Baba, na Collins ma da ya haura shekara 20 ya fara zama zuma?

Malam Na-Baya: Ya kama hanya.

Uwar Biyu: Na karanta wa 'yata duka. Ta ce ta ji, amma har yanzu ba wanda ya yi mata bayanin kafaɗun rigunan.