Neman shawara: zan yi gammon ƙyalle na ƙofa kafin 4 ga Yuli

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Muna zaune a Ohio, shekararmu ta biyu ke nan a Amurka. A layinmu, tun daga ƙarshen Mayu ƙofofi ke cika da ado mai launin tutarsu, ja da fari da shuɗi. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta rataye wani zagayayyen abu kamar gammo, an ɗaɗɗaure shi da yankakkun ƙyallaye, ya yi tsaf. 'Yata ta hana ni sakat sai mun yi namu. Na lanƙwasa wayar rataye kaya na gwada, ya fito kamar kazar da ruwa ya doka, da aka yi yayyafi kuma jan ya zuba a kan farin. Yanzu na sayo ƙananan tutoci shida zan yayyanka. Yadi nawa ake buƙata, kuma yaya ake yankan? Don Allah a taimaka.

Hajiya ta Maryland: Wa'alaikumus salam. Ƙanwata, ajiye almakashin nan tukuna, kada ki taɓa tutocin. Mutanen nan suna da ƙa'idar girmama tuta, har ta hana a mai da ita tufa ko labule ko shimfiɗa. Ba kama ki za a yi ba, amma maƙwabta na iya jin haushi, musamman gidan da ke da tsohon soja. Adon da kika gani a ƙarshen Mayu na ranar tunawa da sojojinsu da suka mutu ne, Litinin ta ƙarshe a watan. Sai ranar tuta 14 ga Yuni, sannan 4 ga Yuli, ranar da suka ayyana 'yanci daga Birtaniya a 1776. Kin ga gammo ɗaya zai yi miki duka ukun. Ki sayi yadi mai launin kawai, tutocin ki kafa su a tukunyar fure.

'Yar Katsina a Texas: Wayar rataye kaya ce ta ba ki kunya, layi ɗaya gare ta, ba za ta cika ba. Ki je shagon kayan ƙere-ƙere ko shagunan nan na kayan araha, akwai zoben waya da aka yi don wannan aikin, mai layi huɗu, da ƙarafa a gicciye da suka raba shi gida-gida. Na yi nawa da mai inci 14, ya ci mini kusan yadi uku, ɗaya na kowane launi, shuɗin ma ya yi saura. Ƙyallen faɗin inci 1, tsawo inci 6 ko 7.

Ɗaurin ba wuya. Ki zura ƙyallen ƙarƙashin waya, ki yi ƙulli ɗaya ki ja, ki tura shi ya manne da na kusa. Turawar nan ita ce sirrin, kada ki bar wayar tana leƙowa. Ki fara da layin ciki ki fito waje, in ba haka ba na wajen za su riƙa shiga miki hanya. Kwatan zoben ki yi shuɗi zalla, ki sa shi sama ta hagu kamar yadda yake a tuta, sauran ki jera ja, fari, ja, fari. Tutar layi 13 gare ta da taurari 50, amma kada ki wahal da kanki da ƙirga, shuɗi mai ɗigon fari ya wadatar. Ni dare biyu na yi ina ɗauri, yatsuna har suka yi tsami.

Anti Tela, Kano: Ban taɓa ganin abin ba, amma yadi sana'ata ce. Ki nemi na auduga. Mai santsi ƙullinsa kwancewa yake yi. Jan ki wanke shi shi kaɗai, ki yi ta ɗauraya har ruwan ya fito fari kafin ki yanka. Ba sai kin bi kowane ƙyalle da almakashi ba, ki ɗan tsaga bakin ki yaga, auduga tana tafiya miƙe. In ba kya son zare-zare sai ki nemi almakashi mai haƙora. Kai, kun ba ni dabara ma, ga buhun ragowar ƙyallaye a shago, zan gwada kore da fari kafin 1 ga Oktoba.

Baban Sadiq: Wai wannan ba irin na Kirsimeti ba ne?

Hajiya ta Maryland: Na Kirsimeti da ganyen bishiya ake yi, Malam. A nan kowane lokaci da nasa, har na kaka da na bazara akwai.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura abu ɗaya, ƙofarmu biyu ce, ta katako da ta gilashi a waje, kuma rana na dukanta da yamma.

'Yar Katsina a Texas: To ki auna tazarar da ke tsakaninsu, gammon yana da kauri, gilashin zai iya danne shi. Zafin da ke taruwa a wurin yana narka gam, don haka in za ki sa taurari ki ɗinka su da allura. Ki sayi ƙugiyar da ake saƙalawa a saman ƙofa, ba sai kin buga ƙusa a gidan haya ba. Bayan biki ki sauke shi ki sa a leda, don jan ba ya jure rana, nan da nan zai koɗe.