Wai tsamin bakin sarki ne ya sauya lafazin Sifaniyanci?

Auta: Jiya a gidan kallon ƙwallo na ji mai sharhi yana ta cewa "Balenthiya", harshe tsakanin haƙora. Na kusa da ni ya ce wai wani sarkin Sifen ne mai tsamin baki, fadawa suka kwaikwaye shi don kada ya ji kunya, har ƙasa ta ɗauka. Gaskiya ne?

Kawu: Ƙwarai. Pedro na Kastil ne, wata masarauta a Sifen, ya yi mulki daga 1350 zuwa 1369, kuma López de Ayala da ya rubuta tarihinsa ya ce yana da ɗan tsamin baki. Wa bai san fada ba? Sarki ya karkata rawani, gobe kowa ya karkata nasa.

Yaya: Kawu, a gafarce ni, lissafin bai fita ba. Sautin nan bai zauna ba sai ƙarshen ƙarni na 16 zuwa na 17, bayan Pedro ya haura shekara 200 a kabari. Kuma mai tsamin baki ba ya zaɓen kalma. Ɗan Madrid yana faɗin casa, gida, da "s" tsaf, sai a caza, farauta, yake turo harshe.

Auta: To daga ina ta fito, Yaya?

Yaya: A da z ɗin nan kusan "ts" ɗinmu ce. Ta yi laushi har ta kusa zama "s", gida da farauta suka fara rikicewa a kunne. Mutanen arewacin Sifen suka matsar da ita gaba zuwa haƙora, na birnin Sebiya a kudu kuwa suka haɗe su. Daga 1503 ta Sebiya aka riƙa sarrafa fataucin nahiyar Amurka, lafazinsu ya bi jirgi. Saurari Messi, "s" zalla.

Goggo: Ƙara masa da Fotugal. Daga 1580 zuwa 1640 sarakunan Sifen ne ke mulkinta, amma har yau caça da "s" suke faɗa, casa da "z".

Kawu: Sannunku da taron dangi. To Riyo ta Brazil fa? Ana danganta "sh" ɗin da suke yi a ƙarshen kalma da saukar fadar Fotugal can a 1808.

Yaya: Ko masu wannan ra'ayi ayari guda suke nufi, Kawu, iyalai da barori da sojoji, ba harshen mutum ɗaya ba.

Goggo: Kai da ka ƙare ƙuruciyarka a silima, Farisanci ya daɗe yana harshen fadar Mughal ta Indiya, amma da yawan masu Hindi "jindagi" suke cewa, ba "zindagi" ba. Ɗigo ake sa wa harafin ja a ƙasa kafin ya ba da "z", wasu ko ɗigon ba sa damuwa da shi.

Kawu: Na bar muku Pedro. Riyo kam ban saki ba.

Auta: Daren nan zan koma gidan kallon, bashin shayi nake bin mutumin.