Neman kalma kafin ƙarfe huɗu: decarbonization

'Yar Tudun Wada: Jama'a, a taimaka. Ƙarfe huɗu zan shiga situdiyo da rahoto kan Desert to Power, shirin Bankin Raya Afirka na tara kamfanoni da gwamnatocin ƙasashen Sahel 11 su samar da megawat 10,000 daga hasken rana. "Makamashi mai tsafta" ya zauna. Decarbonization ce ta tsaya mini a wuya.

Ɗan Samaru: Rage hayaƙi. An gama.

Injiniya: Da sauran aiki. Kunna risho na gas ka gani: ba hayaƙi, tukunya fes, amma iskar kabon na fita. Kamfanin siminti na Obajana ma, ko da hasken rana zai yi wuta, ƙona farar ƙasa kaɗai na sakin kabon. In aka ce hayaƙi, mai sauraro zai ɗauka janareto ake nufi.

Baba na Ƙofar Doka: Kabon kuma? Muna da kunkunniya, muna da gawayi. Ni na ce "kankare kunkunniya". Ku maimaita ku ji daɗinta a baki.

'Yar Tudun Wada: Baba, Allah ya ƙara girma, amma in na ce kamfanoni sun haɗa jari don kankare kunkunniya, za a zaci kwangilar share madafa suka samu.

Malamin Kongo: "Yaye tattalin arziki daga kabon" fa? Yaye ba a yini ɗaya ake yinsa ba. Alƙawarin yaye Najeriya daga kabon da Buhari ya ɗauka a Glasgow a 2021 ma sai 2060 zai cika.

Baba na Ƙofar Doka: Malam, har da kai? A garin nan na Zariya aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Mu ne za mu riƙa bara a ƙofar Turawa?

Bakano: Baba, shi kwabon daga ina ya zo? Kuma ku da kuke cewa "mota ne" ku bar mana gyaran Hausa.

Ɗan Samaru: Kai Bakano, littattafan da aka koya maka karatu da su, a ina aka buga su?

Bakano: Bugawa daban, iyawa daban.

Injiniya: Ku dawo. Yaye ya yi mini, sai dai 'yan Nijar na saurare. Tunda aka yanke musu wutar Najeriya a Agustan 2023, in suka ji "yaye" a labarin lantarki, wata fassarar za su yi.

'Yar Tudun Wada: Saura minti ashirin. A kanun labari zan ce "rage fitar da iskar kabon", a ciki in saka yayen Malam sau ɗaya, in ji ko za a kira waya.

Baba na Ƙofar Doka: Kalma biyar a madadin ɗaya. To, je ki. Amma kunkunniyata tana nan, ban janye ba.