Neman kalma: me za a rubuta a bangon littafin yara?

Malamar Aboabo: Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwana. Taimako nake nema kafin Juma'a. Mun haɗa ɗan littafin hotuna na Hausa a nan Kumasi, ƙasar Gana, na yara 'yan shekara 4 zuwa 6. Kowane shafi harafi guda, zane guda, jimla guda. Shafin K: "Kaka ta kai koko Kejetia" (babbar kasuwar Kumasi). Shafin T: "Tunkiya ta taka tukunyar tuwo." Shafin W: "Wa ya watsa waken wanzami?" Mai buga littafin ya ce safiyar Juma'a yake son bango, in ta wuce sai ya gama aikin wasu. Kalma biyu suka tsaya mini. Ta farko ita ce ta jera kalmomi masu farawa da sauti ɗaya, abin da ake cewa alitareshan a darasin Turanci, wannan shafin bayanin malamai za ta shiga. Ta biyu sunan wasan kansa, zancen da ake sa yaro ya yi ta maimaitawa da sauri har bakinsa ya rikice. Ita ce za ta hau bango.

Bakano a Tudu: Wa alaikumus salam. Ai duka biyun akwai su, Malama. Wasan sunansa gagara-gwari, kamar "turmi ture kura, kura ture turmi". Salon kuwa malaman adabin Hausa a jami'o'in Najeriya ƙarangiya suke ce masa.

Baba Malam, Asawase: Ɗiyata, Allah ya yi wa aikin albarka. A ilimin balaga na Larabci jinasi muka karanta, wato kalmomi su yi kama a furuci su saɓa a ma'ana. Rubuta jinasi, kowane almajiri zai gane.

Ɗalibin Winneba: Gafarta Malam, jinasi kalma biyu ne masu kama da juna kusan gaba ɗaya. Na Malama harafin farko kawai ya haɗa su, kaka da koko da Kejetia. Ban ga ya hau ba.

Mai shirin rediyo: Malama, kar ki wahalar da kanki. Bi-baƙi. Na daɗe ina amfani da ita a shirin yara. Baƙi ke bin baƙi, K na bin K, T na bin T. Gajera ce, tana da daɗin faɗa, kuma ita kanta misalin kanta ce, domin B biyu ne a jere. Ta ɗauke miki kalmomin biyu a lokaci guda.

Hajiya ta Alabar: Ni dai gagara-gwari ba zai shiga gidana a bangon littafi ba. Gwari mutane ne, Gbagyi suke kiran kansu, suna nan a Neja da Kaduna da Abuja. Ma'anar kalmar ita ce ga zancen da wanda ba Bahaushe ba zai kasa faɗa. To ku dubi ajin Malama. Ɗan Mosi na ciki, ɗan Dagomba na ciki, ga Kotokoli, ga Zabarmawa, ga Wangarawa, ga Busanga, ga 'ya'yan Tonawa, wato Asante, da suka tashi a Zango. Hausa ce ta haɗa iyayensu a kasuwa da masallaci. Ya za a miƙa musu littafi wanda sunansa ke cewa wani ba ya iya magana?

Bakano a Tudu: Hajiya, ba zagi ba ne. Haka muka gada, kuma ko a Kano ba wanda ke tuna Gwari idan ya faɗe ta. In muka ce duk kalmar da ta taɓa wata ƙabila sai an cire, ƙamus zai rame.

Hajiya ta Alabar: Kai ba ka tunawa, ɗana, domin ba kai aka ambata ba. A bar ta a ƙamus, ba na ja. Bangon littafin ɗan shekara biyar daban ne.

Mai shirin rediyo: Shi ya sa na ce bi-baƙi. Ba ta taɓa kowa ba.

Maman 'yan biyu, Maamobi: Yaya, ka duba ta a rubuce. Bi baƙi. Kullum ina gaya wa yarana kar su bi baƙi in an tashi makaranta. A baki da bambanci tsakanin baƙin harafi da baƙin da suka zo daga nesa, amma a takarda iri ɗaya ne, tunda ba ma sa alamar karin sauti ko tsawon wasali. Uwa za ta ɗauki littafin a shago ta ga "Wasan Bi-baƙi" ta ajiye.

Mai shirin rediyo: Ƙanwata, mahallin zance ke fayyace ma'ana. Gari na tuwo da gari na mutane ma rubutunsu ɗaya, ba wanda ya taɓa tuƙa Kumasi. Kuma yaranmu nan bi-baki za su ce, wato bin baki, shi ma ya dace da wasan. Kalma ce mai fuska biyu, duk masu kyau. Ni na gwada ta a iska, masu kira sun karɓa.

Ɗalibin Winneba: Amma tana da wata matsalar. In shafin A ya zo, "Akuya ta ajiye agogo a akwati", baƙi ne ke bin baƙi ko wasali?

Mai shirin rediyo: A nahawun Hausa babu kalmar da ke farawa da wasali. Akwai alhamza a gaban kowace, ba a dai rubuta ta a boko. A ajami kuwa ana ganinta. Saboda haka bi-baƙi ta tsaya daram har a shafin A.

Ɗalibin Winneba: Wannan gaskiya ne, na karɓa. Sai dai malamar ajin yara ba za ta tsaya bayanin alhamza ba.

Bakano a Tudu: Yanzu kun taɓo inda abin yake. Ya ce yaranku bi-baki za su ce. To wasan nan ai a kan ƙ da ɗ da ɓ da ts aka gina shi. Ɗauki na kwaɗo da ƙato da suka je neman ƙoto, ko ƙato ne zai ƙwace wa kwaɗo ƙoto ko kwaɗo ne zai ƙwace wa ƙato. Abin da ke sarƙe harshe shi ne tsallakawa daga k zuwa ƙ. Idan yaro duk k yake faɗa, ina wasan? A fara gyara musu furuci tukuna, a daina cewa "mace ya zo", sannan a yi maganar suna.

Baba Malam, Asawase: Yaro, sassauta. Hausa ba jiya ta zo ƙasar nan ba. Kakanninmu fatake sun yi ta zuwa Gwanja sayen goro tun Salaga na kan ganiyarta, kafin yaƙin 1892 ya watsa kasuwar. Alhaji Umaru, haifaffen Kano ne, amma a Salaga da Kete-Karachi ya zauna, nan ya koyar, nan ya rubuta waƙoƙinsa na Hausa da Larabci har ya rasu a 1934. Masana har gobe suna karanta shi. Ba za a zo a ce mana baƙi ne mu a cikin harshen ba.

Bakano a Tudu: Allah ya huci zuciyarku, Baba. Ban ce baƙi ba ne. Cewa na yi littafin koyarwa daidaitacciyar Hausa ya kamata ya bi.

Maman 'yan biyu, Maamobi: Daidaitacciya ga wa? Hausa ba ta cikin harsuna 11 da gwamnatin Gana ke buga wa littattafan makaranta. Tonanci na ciki, harshen Ga na ciki, Dagbani da Gonja na ciki, mu ba mu. Gidan rediyon ƙasa na labarai da Hausa, amma yaro ya je aji ba ya ganin ta a rubuce. Wata ta zauna da kuɗinta ta yi wa yaranmu littafi, abin da za mu fara ce mata shi ne bakin yaranku bai yi ba?

Hajiya ta Alabar: Waakye da duk Gana ke ci, daga wake da shinkafa sunan ya fito. Koko da ƙosai ma har unguwar Osu ta Accra haka ake kiransu. Hausarmu ta ciyar da ƙasar nan, ba abin kunya ba ce.

Malamar Aboabo: Iyayena, don Allah, Laraba ce yau. Maganar furuci na riga na yi tunaninta. Akwai shafin Ƙ, akwai na Ɗ da Ɓ, kuma da gangan na sa K da Ƙ suna fuskantar juna: a hagu kaka da kokonta, a dama "Ƙuda ya ƙi ƙosai, ya ƙyale ƙashi." Yaro zai ga lanƙwasar a kan harafin, ya ji malama ta faɗa, ya gwada. Wanda ya iya ya iya, wanda bai iya ba ya yi dariya ya sake. Ba zan cire wa kowa maki a kai ba. Suna kawai nake so.

Ɗalibin Winneba: To a raba. Shafin malamai a sa ƙarangiya, tunda ita ke cikin littattafan nazari, kuma duk malamin da ya nemi ƙarin bayani da ita zai samu. A bi ta da jimla ɗaya: jera kalmomi masu farawa da sauti ɗaya.

Hajiya ta Alabar: Ƙarangiya ƙaya ce ta ƙasar yashi, mai maƙalewa a zane. Yaran Kumasi ba su taɓa ganinta ba. Amma ga malamai ba laifi. A bango kuwa a rubuta abin da uwa za ta gane tana tsaye: Wasan Sarƙe Harshe.

Bakano a Tudu: Gara sarƙe da murɗa, don murɗa harshe fassarar Turanci ce tsagwaronta. Na fi son tamu ta gado, amma tunda Hajiya ta hana, shi ke nan.

Baba Malam, Asawase: Ni da tuntuɓen harshe aka sa da ya fi mini. Sai dai wannan kuskure ne ake nufi da shi, ba wasa ba. A yi yadda Hajiya ta ce. A shafin malamai a ƙara cewa yana da dangantaka da jinasi, domin malaman makarantun allo.

Mai shirin rediyo: Kalma uku a inda ɗaya ta isa. Ni ban gamsu ba, kuma a shirina bi-baƙi zan ci gaba da cewa. Malama, ko a ƙasan shafi ki sa ta a matsayin wata kalmar da ake amfani da ita.

Malamar Aboabo: Bango: Wasan Sarƙe Harshe. Shafin malamai: ƙarangiya, da bayaninta, da layi ɗaya na jinasi saboda Baba. Yaya, bi-baƙi ba za ta shiga wannan bugun ba, in ta bazu a bakin mutane ma duba a na gaba. Na gode ƙwarai. Saura abu ɗaya: kwamfutar mai bugawa akwati take nunawa a gurbin ƙ da ɗ da ɓ, ga shi ƙ na cikin sunan littafin. Wa ya san salon haruffa mai kyau ga idon yara da ke ɗauke da su?

Ɗalibin Winneba: Andika, na ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL. Don masu koyon karatu aka yi shi, kyauta ne, kuma yana da ukun duka, manya da ƙanana. Ki mayar da aikin PDF kafin ki kai masa, kar injinsa ya sauya.

Mai shirin rediyo: Shafin ƴ fa, da ƙugiya za ki rubuta irin ta Nijar ko da ɗan waƙafi irin na Najeriya? Wannan ma ba a yanke ba.